Wai hwpoison me za mu kira shi da Hausa?

Jama'a masu harkar Linux ku matso, akwai kalmar da nake so mu tsayar. A cikin kanel, wato zuciyar Linux mai kula da kayan injin, akwai wani sashe da ake kira hwpoison (hardware poison, poison ɗin shi ne guba), Andi Kleen ne ya kawo shi, ya shiga Linux 2.6.32 a 2009. Na ga wasu suna rubuta "sa wa shafi guba", shafi a nan ɗan yanki ne na ram, ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta, ni dai gaskiya ba ta kwanta min ba.

Mu fara duba aikin tukuna. Ram ɗin manyan saba, wato kwamfutocin da ke yi wa wasu hidima, galibi ECC ne, mai duba kuskure, in bit ɗaya (0 ko 1) ya juye shi da kansa yake gyarawa shiru, in biyu ne suka juye a wuri guda zai gane akwai matsala amma gyaran ya fi ƙarfinsa. Kuma abin yana faruwa sosai fa, binciken da aka yi a sabobin Google aka fitar a 2009 ya nuna sama da kashi 8 cikin 100 na sandunan ram suna samun kuskure a shekara. To a da in irin wanda ba ya gyaruwa ya faru, injin gaba ɗaya yake tsayawa da duk abin da ke kansa, saboda ɗan wuri ɗaya.

Yanzu kuwa in furosesa (CPU) mai iya ba da rahoton irin wannan kuskure ya kai ƙara, kanel zai nemo shafin da abin ya shafa, galibi 4KB ne kacal, ya sa masa alama ya janye shi daga hannun duk mai riƙe da shi, ba ya ƙara ba wa kowa. In kwafin fayil ne da ke kan diski ba a canza komai a ciki ba, sai a yar a sake karantowa, mai injin ma ba lallai ya sani ba. In kuma bayanan wata manhaja ne da ba su da kwafi a ko'ina, sai a aika mata SIGBUS, siginar kuskure, ta mutu ita kaɗai sauran su ci gaba da aiki. In a jikin kanel ɗin kansa ne dai to yawanci sai haƙuri, faɗuwa zai yi.

To a duk wannan ina kanel ya sa guba? Bahaushe in ya ji "ya sa masa guba" mai laifi yake gani, alhali kanel ne ya zo ceto, ɓarnar tun daga ram ta taso.

Ni shawarata KILLACEWA. Tun lokacin korona kowa ya san ta, a ware wanda ya kamu don kar ya shafi saura. Wani zai ce ai wanda aka killace yana fitowa, eh shi ma shafin haka ne, alamar a ram take zaune, da an sake kunna injin ta tafi, shi ya sa in sandar ta ci gaba da kawo kuskure dole a canza ta.

Sai mu raba su biyu: bayanan da suka lalace gurɓatattu ne, abin da kanel ya yi wa shafin kuma killacewa. "An killace shafi uku a sabar nan jiya", ka ji ta zauna a baki.

Saura soft offline, wanda ake kwashe bayanan zuwa wani shafin tun suna lafiya saboda ƙananan kurakurai sun yi yawa a wurin. Ina ganin "killacewar riga-kafi", amma ta ɗan yi tsawo, mai gajeriya ya kawo.