Alamar > da < ta hana mu sakat a gida, ku ba mu labarin naku yaran

Uwar 'yan uku, Kano: Assalamu alaikum iyaye da malamai. 'Yata shekararta 6, tana aji ɗaya, ƙirge kam har ɗari ba ta tuntuɓe. Amma aikin gida na "wace lamba ta fi" ya zame mana ƙarfen ƙafa. Jiya tambaya goma aka ba ta, ta ci huɗu, huɗun ma ina zargin canka ta yi. Malamarsu ta ce musu alamar bakin kada ce, kada kuwa babba yake ci. Ni dai haƙora na ga tana ta zanawa. Don Allah wanda ya taɓa fama da wannan ya ba mu labari.

Malamar firamare, Zariya: Wa alaikumus salam Hajiya. Ki ajiye biro tukuna. Ki samo marafen kwalbar lemo 12, ki jera shida a sama, shida a ƙasa, kowanne yana kallon ɗan uwansa. Ki tambaye ta, za ta ce daidai suke. Sai a gaban idonta ki warwatsa layin ƙasa ya yi tsawo, ki sake tambaya. A ajina kusan duk shekara sai na samu yaran da za su rantse layin ƙasa ya ƙaru, alhali sun ga ban ƙara ko ɗaya ba. Akwai wani yaro da na sa ya ƙirga, ya samu shida da shida, ya ɗago kai ya ce, "Malama, amma wannan shidan ta fi yawa." Jean Piaget, masanin nan ɗan Siwizalan, da irin wannan gwajin ya nuna cewa yaro ɗan huɗu ko biyar tsawon layi yake bi, sai wajen shekara bakwai yake sakin wannan. Yaron da bai wuce nan ba, ko kada goma kika zana masa, zane ne kawai.

Kuma abin da ke haɗa ni da kadan nan: yaro zai sa alamar daidai, amma ki ce ya karanta 3 < 8, sai ya ce "takwas ta cinye uku". Ni da Hausa nake farawa: "uku ba ta kai takwas ba", "takwas ta fi uku". Kalmomin nan tun a tsakar gida ya san su.

Baban yara, Maraɗi: Malama, mu namu ya fi naku daɗin labari. Kun san a Nijar da dala muke ƙirgen kuɗi, dala ɗaya sefa 5 ke nan. Kwabon da aka rubuta wa 50 dala goma muke ce masa, mai 100 kuma dala ashirin. Na rubuta wa ɗana 50 da 20 a ƙasa na ce wace ta fi, ya nuna 20. Har na fara faɗa, sai ya ce, "Baba, ai wannan goma ce, goma ba ta kai ashirin ba." Aiken kanti ne ya koya masa karanta 50 a matsayin goma. Yaro bai yi ƙarya ba. Na daina kawo kuɗi cikin karatun, muka koma ƙwallon dabino.

Yayar marayu: Ni kam kada ya yi mini rana, kar a kushe shi duka. Amma abin da ya fi zauna wa ƙanena shi ne ɗigo: ɗigo biyu a gefen babbar lamba, ɗigo ɗaya a gefen ƙaramar, sai a haɗa su da layi, alamar ta fito da kanta. In lambobin kunnen doki ne, ɗigo biyu nan, biyu can, ka haɗa ka samu =.

Malamin lissafi, sakandare: 'Yar uwa, na gode da kika ambaci =, domin ita ce marainiyar da kowa ke tsallakewa. Yara suna ɗaukarta da ma'anar "ga amsa nan tafe". Na rubuta wa 'yan aji ɗaya na ƙaramar sakandare 4 + 3 = 5 + __ , da yawansu suka cike da 7. Robert Recorde, wanda ya fara amfani da alamar a 1557, layi biyu masu tsawo ɗaya ya zaɓa don a ganinsa babu abu biyu da suka fi su zama daidai. A gida sikelin mai nama nake kwatantawa nawa yaran: abin da ke hagu da abin da ke dama, babu wanda ya rinjayi wani.

Maman 'yan biyu, Gombe: Nawa matsalarsu 19 da 21 ce. Hassana ta dage 19 ta fi, saboda tara babba ce. Na kwance tsohuwar tsintsiya muka ɗaura tsinke goma goma da zare. Ɗauri ɗaya da tsinke tara a hannunta, ɗauri biyu da tsinke ɗaya a hannun Usaina. Ba sai na yi magana ba. Sannan ku lura da masu zuwa Islamiyya da yamma, wani lokacin daga dama suke faro karatun layin, sai 12 ta koma 21.

Uwar 'yan uku, Kano: Allah ya saka da alheri. Malama, na yi gwajin marafen, kuma wallahi ta faɗa ramin, ta ce layin ƙasa ya fi. To da la'asar na raba musu ƙuli-ƙuli ita da yayanta: nata biyar na baza su a faranti, nasa bakwai na tara su wuri guda. Ta kalla, ta kalla, sai ta jawo farantinsa ta fara jera nata kusa da nasa ɗaya bayan ɗaya. Da biyu suka yi saura ta ƙwalla ihu, "Umma, an cuce ni, nawa bai kai nasa ba!" Na ce to me za a yi su zama daidai? Ta ɗauke ɗaya daga nasa. Yayan har yanzu bai huce ba.