Neman shawara: suna ƙyaƙyata dariya, ni sai yaƙe

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Waɗanda suka daɗe a Ingila don Allah ku agaza min da shawara. Wata bakwai ke nan ina aikin nas a wani asibiti a Manchesta. In mun tashi daga aikin dare mukan ɗan zauna a ɗakin shan shayi kafin kowa ya kama gabansa, talabijin na kan Channel 4, inda suke maimaita wasannin barkwancin Amurka da safe, Frasier da Everybody Loves Raymond. Ranar Talata wata dattijuwa abokiyar aikina ta yi dariya har shayi ya sarƙe ta, tana nuna allo tana duban fuskata. Ni ko haƙora kawai na buɗe. Turancin ina ji, da shi muka yi karatu a Zariya, inda dariyar take ne ban gani. Abin ɗaure kai, kullum suna yi wa Amurkawa ba'a wai ba su san gatse ba, amma wasanninsu suke kallo. Da wanne zan fara? A taimaka da wanda ba sai na riƙe rimot a hannu saboda yara ba.

Maman Iman:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Fara da Raymond ɗin nan, an yi shi daga 1996 zuwa 2005. Uwar miji ce, Marie, gidanta na tsallaken titi, tana faɗowa ba sallama, ta duba girkin matar ɗanta ta taɓe baki. Shi kuma Ray ya rasa bayan wa zai bi. Wannan ai ba sai an fassara wa Bahaushiya ba. Ki kunna rubutun ƙasan allo, ki daina jiran dariyar 'yan kallo ta gaya miki lokacin dariya.

Abu Hafsat:
Malama, shekarata 16 a nan, ga abin da na lura. Baturen Ingila ba abin da ke sa shi dariya irin ya ga mai ji da kansa ya sha kunya. Shi ya sa Frasier ya karɓu a wurinsu. Likitan ƙwaƙwalwa ne mai shiri a rediyo a Siyatil, shi da ƙaninsa Niles ba sa ganin kowa da gashi, sai ga ubansu tsohon ɗan sanda ya tare a gidan da wata tsohuwar kujera mai faci, ya dasa ta a tsakiyar falon ƙasaita. Kusan kowane kashi haka yake tafiya: Frasier ya shirya liyafa don a ce ya isa, ƙaramar ƙarya ta haifi babba, a ƙarshe ya tsaya zuru. Ki riƙa kallon fuskar uban lokacin da 'ya'yan ke zuba manyan kalmomi, rabin dariyar a can take.

Ga kuma abin buɗe hira. John Mahoney da ya fito a uban, a Blackpool aka haife shi, a Manchesta ya tashi, ya koma Amurka ya goge harshensa tas. Ita kuwa Daphne, wadda aka ce 'yar Manchesta ce a wasan, Jane Leeves ce, 'yar kudancin Ingila. Tambayi dattijuwar nan ko haka ake magana a garinsu, ki ja kujera ki sha labari.

Ummi Leeds:
Ni fa Friends zan ce. Kashi 236, daga 1994 zuwa 2004, ba Baturen da bai san shi ba, Turancin kuma a sauƙaƙe.

Maman Iman:
Ummi, ba ki ji ta ce yara ba? Friends ai daga wannan saurayi sai wancan. Ko Frasier ɗin ma wani kashin sai an tura su ɗaki.

Ummi Leeds:
Haka ne Anti, na sha'afa. To The Fresh Prince of Bel-Air na Will Smith, BBC2 ta daɗe tana nuna shi, ya fi dama-dama.

Injiniya Sani:
In gatsen ne ke ba ki wuya, gwada The Office iri biyu. Na Ingila, na Ricky Gervais da Stephen Merchant, kashi 14 kacal daga 2001 zuwa 2003. Manajan yana ba da kunya har ka kau da kai daga allo. Na Amurka da Steve Carell ya kai kashi 201, manajan wawa ne amma da zuciya mai kyau. Matasan ofishinmu na Amurkan suka haddace, manya kuma su ce an zuba masa sukari. Masu barkwanci a dandamali kuwa, Ingilawa sun fi son Ba'amurken da ke caccakar ƙasarsa: Bill Hicks, da ya mutu a 1994 yana da shekara 32, ya fi suna a nan fiye da gida, Rich Hall ya ci babbar kyautar barkwanci ta Edinbara a 2000, akwai Reginald D. Hunter ɗan jihar Jojiya ta Amurka. Amma bakinsu ba linzami, ashar kamar ruwan sama. Waɗannan sai da abin kunne.

Hajiya Babba:
'Yata, ke da kika kwana a tsaye, barci ya fi miki duk wannan. In sun yi dariya ki ce ba ki gane ba, su yi miki bayani. Suna son a tambaye su.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Daren jiya na kalli kashi uku na Raymond da rubutu a ƙasa, maigida na ta tambaya wai me ya sa nake kallonsa duk lokacin da Marie ta shigo. Yau kuma na yi wa dattijuwar tambayar Abu Hafsat. Ajiye kofi ta yi ta shiga kwaikwayon Daphne, har bas ɗina na farko ya wuce ni.