Tallan da ke fasowa a kwamfutar gida: ta ina yake shigowa?

Maman 'Yan Biyu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema. Kwamfutar gidanmu ta addabe mu da talla. Ana cikin aiki sai ɗan akwati ya faso daga kusurwar ƙasa ta dama, wani ya ce na ci kyautar waya, wani ya ce ƙwayoyin cuta sun cika kwamfutar, in danna a wanke. Wasu hotunan ma ba su dace da idon yara ba, ga shi da ita suke aikin makaranta. Wace manhaja zan sauke?

Mai Gyaran Kwamfuta:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kada ki sauke komai tukuna. In ya sake fitowa ki duba jikin akwatin da kyau, akwai ƙaramin rubutu mai sunan burauza da adireshin wani shafi?

Maman 'Yan Biyu:
Akwai kuwa. An rubuta Google Chrome, sai wani adireshi mai haruffa barkatai da ban taɓa gani ba.

Mai Gyaran Kwamfuta:
To alhamdu lillahi, abin ya zo da sauƙi. Irin wannan galibi ba cuta ba ce, izini ne aka bayar. Shafukan kallon ƙwallo da na sauke fim kyauta sukan ce wa mutum ya danna Allow don ya tabbatar shi ba mutum-mutumi ba ne. Da an danna, shafin ya samu damar turo saƙo a kowane lokaci, ko an daɗe da rufe shi. Shi ya sa manhajar riga-kafi za ta bincika ta ce lafiya lau: ba wanda ya hauro ta katanga, ƙofa aka buɗe masa.

Ki rubuta chrome://settings/content/notifications a layin adireshi. Za ki ga jerin shafukan da aka yarje wa. Duk wanda ba ki sani ba, ki danna ɗigo ukun da ke gefensa ki zaɓi Block. Kada ki zaɓi Remove, don in cire shi kawai kika yi zai sake neman izini gobe, yaro ya sake dannawa. A saman wannan shafin kuma akwai zaɓin hana kowane shafi tambaya gaba ɗaya, ni shi nake sa wa duk kwamfutar da yara ke taɓawa. Daga nan ki buɗe chrome://extensions ki cire duk abin da ba ku kuka sa ba.

Ɗan Auta:
Anti ki haɗa da uBlock Origin. Kyauta ne, kuma yana toshe tallan cikin shafuka, har da maɓallan Download na ƙarya da ake jerawa kusa da na gaskiya.

Malamin Lissafi:
Ƙanena ka yi gaskiya, amma da saura. Chrome ya koma sabon tsarin da ake kira Manifest V3, tun ƙarshen 2024 ya fara kashe cikakken uBlock Origin. Abin da ke aiki a can yanzu shi ne uBlock Origin Lite. Cikakken yana nan a Firefox, shi ya sa na koma can. A kula kuma da masu kwaikwayon suna, na gaskiyar shi ne na Raymond Hill, a duba sunan kafin a sauke. Sannan mai toshe talla ba ya soke izinin da aka riga aka bayar, sai an fara bin abin da Mai Gyara ya faɗa.

Ɗan Auta:
Haka ne Malam. Amma ni dai da zan ba da shawara, a ƙara riga-kafi na biyu a kan na Windows. Biyu ai sun fi ɗaya.

Mai Gyaran Kwamfuta:
A nan kam ban yarda ba. Riga-kafi biyu masu gadi a lokaci guda karo suke yi da juna, kwamfuta ta yi nauyi. Windows ma da kanta tana janye Microsoft Defender da zarar an sa wani. Matsalar da nake yawan gani ita ce riga-kafin gwaji, wanda ake bayarwa na ɗan lokaci: wa'adinsa ya ƙare, ya daina sabuntawa, masu gida kuma suna ganin hotonsa a ƙasa suna zaton akwai mai tsaro. Defender da ke zuwa cikin Windows 10 da 11 ya wadatar da gida, in dai ana barin sa ya sabunta. In ana zargin manhajar talla ta riga ta shige, alamarta shafin farko na burauza ya canza da kansa, ko bincike ya riƙa kai ka wani wuri daban. Sai a sauke AdwCleaner daga shafin Malwarebytes. Kyauta ne, ba a girka shi, ya yi bincike sau ɗaya ya share, shi ke nan.

Baba Mai Ritaya:
'Ya'yana, bari in sa baki a kan wanda ya fi talla haɗari. Maƙwabcina, dattijo kamata, fuskar kwamfutarsa ta cika da jan rubutu, ƙara tana tashi, wai an kulle ta, ga lambar waya a kira. Ya kira. Wanda ya ɗauka ya sa shi sauke manhajar da ke ba mutum damar juya kwamfutarka daga nesa, sannan ya ce ya buɗe asusun bankinsa. Allah ya taimaka ɗansa ya shigo ya zare intanet. Ku gaya wa iyayenku.

Malamin Lissafi:
Allah ya ƙara tsarewa Baba. Microsoft sun sha faɗa cewa saƙon gargaɗinsu na gaskiya ba ya ɗauke da lambar waya. Wancan jan allon shafin intanet ne kawai da ya cika fuska. A danne Esc na ɗan lokaci, ko a danna Ctrl da Shift da Esc tare, jerin manhajojin da ke aiki (Task Manager) zai buɗe, a rufe burauzar daga can. In an sake buɗe ta ta tambaya ko a dawo da shafukan baya, a ce a'a.

Maman 'Yan Biyu:
Na toshe su, shiru kake ji. Allah ya saka da alheri. To yaran fa? Su ne masu sauke wasanni.

Mai Gyaran Kwamfuta:
Ki buɗe musu asusu nasu na daban, na mai amfani kawai, ba na mai iko ba. Duk lokacin da wani abu zai girku sai ya nemi kalmar sirrinki, kada kuma ki ba su. Wannan kaɗai yana rage aikina sosai. Manhajojin da aka fasa kuwa, da masu kunna Windows ko Office ta bayan fage, ku nisance su. Kusan dukkansu sukan ce a kashe riga-kafi kafin a girka, wannan ma ya isa shaida.

Malamin Lissafi:
Hajiya wace Windows ce a kai? Na tambaya ne don Windows 10 ta daina samun gyaran tsaro na yau da kullum tun 14 ga Oktoba 2025, sai wanda ya shiga shirin ƙarin wa'adi. Windows 7 tun Janairun 2020. Ba ƙaramar magana ba ce. Cutar WannaCry da ta kulle kwamfutoci a ƙasashe sama da 150 a Mayun 2017, har da na asibitocin Ingila, ta bi ta wata kafa ce da aka fitar da gyaranta tun watan Maris. Waɗanda suka sabunta sun tsira.

Maman 'Yan Biyu:
Windows 11 ce Malam. Amma kullum tana neman a kashe a kunna, mu kuma muna ɗagawa.

Malamin Lissafi:
Ku bar ta ta yi da dare. Talata ta biyu a kowane wata ake sakin gyaran, bai cika sai an kashe an kunna.

Ɗan Auta:
Anti hotunanku da takardu fa, ki kwafe su a faifan waje. In kin gama ki zare shi ki ajiye, don cutar da ke kulle fayiloli tana bin duk abin da ke jone. Imel ɗinki kuma ki kunna masa tabbatarwa mataki biyu, wato bayan kalmar sirri sai an ƙara wata shaida kamar lambar da ake turowa waya, tunda ta nan ake sake kalmar sirrin sauran asusun.

Baba Mai Ritaya:
Wannan mataki biyun ne ban iya ba. Ɗana, in ka samu sarari ka rubuto mana shi dalla-dalla, yadda irinmu za su bi.

Ɗan Auta:
In sha Allahu Baba, yau da dare. Ka gaya mini Gmail kake amfani da shi ko wani, don wurin saitin ya bambanta.