Gwajin korona da bin sawun masu cuɗanya a Kano: ina aikin ya riƙa lalacewa?

Mai ɗaukar samfur:
Salamu alaikum. 'Yan uwa da aka yi aikin korona tare a 2020, don Allah kowa ya kawo abin da ya sani a ɓangarensa kafin mantuwa ta cinye shi. Bari in fara da hanci. Da yawa daga sakamakon da ke cewa babu cuta, alhali tana nan, tun wajen ɗauka aka ɓata su. Tsinken audugar da ake zurawa a hanci don ɗaukar samfur ba sama ake nufa da shi ba. A miƙe yake bin ƙasan hanci, kamar za shi kunne, har ya tokare. A juya shi, a bar shi 'yan daƙiƙoƙi, sannan a karya shi cikin kwalba mai ruwan adanawa mililita 2 zuwa 3. In idon mutum bai kawo ƙwalla ba, da wuya an kai wurin. Sabon ma'aikaci, don tsoro ko tausayi, sai ya shafi bakin hanci ya zare. Sai kuma gaggawa: wanda ya zauna da mai cutar jiya, ko an gwada shi yau da wuya a ga komai, sai an ba shi kamar kwana 5.

Ma'aikacin ɗakin gwaji:
Wa alaikumus salam, Malam. Na yarda, amma hanya ma ta ci samfur da yawa. Ƙa'ida ita ce a riƙe shi a sanyin digiri 2 zuwa 8, kada ya wuce awa 72. In zai wuce, sai firji mai digiri 70 ƙasa da sifili, wanda ba ko'ina ake da shi ba. To ga zafin Afrilu a Kano, kula ta iso ƙanƙararta ta zama ruwa, murfin wata kwalba bai ɗauru ba ta tsiyaye, rubutun jikin sauran ya goge. A rana ɗaya sai ka samu Muhammadu biyar, babu lamba, babu shekaru. Irin wannan ba ya gwaduwa, ko an gwada ba a san na wane ne ba.

An tabbatar da mutum na farko a Kano ranar 11 ga Afrilu, kuma kafin ƙarshen watan cibiyar gwajin jihar ta tsaya na wasu kwanaki, aka koma kai samfur Abuja, tafiyar fiye da kilomita 400. Shi kansa gwajin PCR, wato na neman ƙwayar halittar cutar a cikin samfur, aikin 'yan awanni ne. Abin da ke cin kwanaki shi ne layi, da yankewar sinadarin tace ƙwayar halittar cutar, da gurɓacewa. Farantin da ake jera samfur a kai don gwaji rami 96 ne, a ciki akwai wanda ake zuba ruwa zalla don sa ido. Muddin wannan ramin ya nuna cuta, farantin gaba ɗaya ya tashi aiki, sai a wanke wuri a sake daga farko.

Jami'ar bin sawu:
Wannan jinkirin naku, Malam, mu yake faɗowa a ka. Wanda ake nema a lokacin shi ne duk wanda ya kusanci majinyaci ƙasa da mita 1 na tsawon minti 15, tun daga kwana 2 kafin alamu su bayyana, a bi shi kwana 14. In sakamako ya ɗauki kwana 6, waɗanda ya shafa sun riga sun shafa wa wasu, an je kasuwa, an yi zaman makoki na kwana uku. Wa zai lissafa maka waɗanda ya gaisa da su a wajen ta'aziyya?

Fom ma abin takaici ne. Adireshi "bayan masallacin Juma'a", lambar waya a kashe ko ta ƙanin mutum. Dole a karɓi lamba biyu, a kira ɗaya nan take a ji ta shiga, a rubuta sunan mai unguwa. Kuma kada a faka motar asibiti a ƙofar gida ana fitowa cikin fararen kaya. Maƙwabta na leƙe, daga ranar ba wanda zai sake faɗin gaskiya a layin. A ajiye mota nesa, a sa mai unguwa gaba, mata su shiga wajen mata. Ma'aikatan rigakafin shan inna sun fi kowa iya wannan, don sun san kowane lungu.

A lokacin ana cewa mutum ya killace kansa a ɗaki shi kaɗai. A gida mai mutum ashirin da banɗaki ɗaya? Abin da ya fi yiwuwa shi ne a ware tsofaffi da masu ciwon suga ko hawan jini, a buɗe tagogi, a ware wa mai cutar kwano da buta.

Likita a cibiyar killacewa:
Hajiya, a ƙara da wannan. Da farko ba a sallamar majinyaci sai gwaji ya nuna babu har sau biyu, alhali PCR na iya ganin ɓurɓushin matacciyar ƙwaya makonni bayan mutum ya warke. Gadaje suka cika, masu lafiya suna cinye kayan gwajin sababbin marasa lafiya. Sai a tsakiyar 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sauya: kwana 10 daga fara ciwo, da ƙarin 3 ba zazzaɓi ba tari, a sallama ba sai an sake gwaji ba.

Ma'aikacin ɗakin gwaji:
Haka ne, Likita. Injinan GeneXpert na gwajin tarin fuka ma sun rage nauyi da aka karkato da su, sakamako cikin ƙasa da awa ɗaya, sai dai kwanson da ake zuba samfur a ciki a sa a injin ba ya isa a lokacin. Shi kuma gwajin nan take, wanda ake ɗiga samfur a kan ɗan allo layi ya fito, a karanta shi a minti 15 zuwa 30, a jefar. Layin da ya fito bayan awa guda ba sakamako ba ne, kada a rubuta shi a fom.