Wasu ƙananan ƙwari a buhun wake, menene su?

Ɗan Kurna: Salam jama'a, na sayo wake a Dawanau, yau na buɗe buhun na ga wasu mitsi-mitsin ƙwari masu fuffuke, ba irin ƙwaron waken da muka sani ba, su ma ɓarna suke?

Malamar Bayoloji: A'a yallaɓai, dangin zanzaro ne, wataƙila Dinarmus basalis, a jikin tsutsar ƙwaron wake yake ƙwai ɗansa ya cinye ta. Amma fa kafin a tabbatar sai an sa shi a madubin likita an ƙirga gaɓoɓin ƙahonsa an duba jijiyar fuffuke, don akwai wani ɗan'uwansa mai suna Uscana da bai kai milimita 1 ba, shi ƙwan ƙwaron waken yake bi.

Baban Ummi: To Malama harbi fa?

Malamar Bayoloji: Ba ya harbin mutum, Alhaji.