Idan ɗan'uwa ya ce ya gaji da duniya, me ya kamata a yi a nan Saudiyya?

Malam_Misfala:
Assalamu alaikum. Tambayata ga ma'aikatan lafiya na wannan zaure ce. A cikin jama'armu ta Makka da Jidda, idan mutum ya fara cewa "gara mutuwa ta ɗauke ni", iyakacin abin da muka iya shi ne mu ce ya yi istigfari, mu tuna masa haramcin kashe kai. To bayan wa'azin fa? Yaya ake gane wanda ya ƙudurta, kuma ina ake kai shi?

Dakta_Jidda:
Wa alaikumus salam, Allah ya gafarta Malam. Matsalar ba ƙarama ba ce, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum 700,000 ke kashe kansu kowace shekara.

A keɓe da shi, a tambaye shi ƙarara: "Kana tunanin kashe kanka?" Mutanenmu na gudun wannan tambaya wai kada a sa masa ra'ayin, alhali bincike ya nuna tambayar ba ta ƙara haɗari. Idan ya ce e, sai a bi da uku: ka tsara yadda za ka yi? Abin yana hannunka? Ka taɓa gwadawa? Wanda ya taɓa gwadawa shi ya fi kowa zama cikin haɗari.

Sauran alamun su ne rabar da kayan da yake ji da su, bin mutane da neman gafara babu dalili, ƙaurace wa jam'i da majalisa, rashin barci. Akwai wadda ke yaudarar dangi: wanda ya daɗe cikin ƙunci ya wayi gari fes, hankali kwance. Wani lokacin ba sauƙi ya samu ba, shawara ya yanke.

In yana da tsari, kada a bar shi shi kaɗai ko da na zuwa masallaci ne. A kira 997 na motar asibiti, ko 911, ko a kai shi sashen gaggawa, wato ɗawari. In abin bai kai nan ba, akwai 937 na Ma'aikatar Lafiya, da 920033360 na cibiyar ƙasa mai kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, da manhajarta Qareebon. Asibitocin Irada su ke duba ciwon damuwa da shaye-shaye. Na ambaci shaye-shaye ne don matasanmu masu shan miyagun ƙwayoyi irin su shabu da kaptagon, lokacin da ƙwayar ta sake su ƙunci ke danne su sosai.

Hajiya_Nas:
Dakta ya gama magana, sai dai in ƙara ta cikin gida. Sau da yawa tsananin yunƙurin na ɗan lokaci ne, in abin cutarwa ba ya kusa sai ya wuce. Saboda haka a kwashe magunguna, maganin ƙwari da sinadaran wanke banɗaki a kulle. Maganinsa ma wani ya riƙe, ya riƙa ba shi na kullum.

In har ya riga ya sha wani abu, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa madara ko manja. A tafi asibiti da kwalin abin da ya sha, ko da yana cewa lafiyarsa lau, don wasu magungunan sai bayan kwana ɗaya ko biyu ɓarnarsu ke fitowa a hanta.

Inda aka fi yin sakaci shi ne bayan sallama daga asibiti. Makonnin farko su ne mafi haɗari, a lokacin ne kuma dangi ke sakin jiki. Maganin damuwa yakan ɗauki mako 2 zuwa 4 kafin a ga aikinsa, sai mara lafiya ya ce bai karɓe shi ba ya ajiye. Ana ci gaba da shi aƙalla wata 6 bayan an samu sauƙi, ba a yanke shi rana ɗaya. 'Yan ƙasa da shekara 25 kuwa a sa musu ido sosai a farkon shansa.

Abu_Madina:
Kada a manta da abin da ke kai mutum bango: albashin da aka riƙe, rigima da kafili (ubangidan da ya ɗauki nauyin zamansa), iƙama (takardar izinin zama) da ta mutu, bashi, ga 'yan gida na ta kiran a turo. Ƙorafin aiki yana da layinsa, 19911 na Ma'aikatar Ƙwadago. Masu aikatau a gidaje su suka fi kaɗaici, a riƙa kiransu. Wanda Larabcinsa bai nuna ba a haɗa shi da tafinta, amma ba wanda suke rigima da shi ba.

Malam_Misfala:
Allah ya saka. To ruƙiyya fa, Dakta? Dangi za su ce sammu ne ko aljanu.

Dakta_Jidda:
A yi addu'a, Malam, ba ta hana asibiti. Abin da ba na so shi ne a ce sai an gama ruƙiyyar kwana arba'in kafin a ga likita, ko a hana shi maganinsa. Kuma a wannan halin a rage masa zancen wuta, shi da ke ganin ya riga ya zama nauyi ga kowa. In ya ce a rufa masa asiri, kada a yi masa alkawari. A ce masa za a faɗa wa mutum ɗaya, shi ya zaɓi wanda yake so.