Yaran ƙungiyarmu suna rikita tafiye-tafiyen Bulus, ina neman shawara

Salama gare ku 'yan'uwa cikin Almasihu. Ni ke koyar da matasan ikkilisiyarmu da za su shiga gasar kacici-kacici ta gunduma, kuma littafin da aka ba mu bana shi ne Ayyukan Manzanni, sura 28 cif.

Haddar aya ba ta ba su wuya. Inda muka cije shi ne daga sura 13 zuwa 21. Ka tambayi yaro wa ya raka Bulus a tafiya ta biyu, ya ce Barnaba, alhali Sila ne, Timoti kuma a Listira ya bi su. Antakiya ta Suriya da ta Bisidiya kuwa sun zame musu gari ɗaya. Na zana taswira a allo, mun yi ta maimaitawa, amma kafin Lahadi ta zagayo komai ya sake cakuɗewa. Abin yana damuna ƙwarai, domin yaran nan suna ƙoƙari, wasunsu daga gona suke wucewa coci.

Malaman makarantar Lahadi da kuka taɓa kai yara gasa, wace dabara ta yi muku aiki? In raba surorin kowa ya riƙe nasa, ko kowa ya san duka? Gasar saura wata ɗaya.